Ƙullin da Yaya Bai Ɗaura Ba

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Yuni, wajen ƙarfe goma da kwata na safe, Allah Ya karɓi ran yayana, likitan dabbobi, yana da shekara sittin da huɗu. A zaune ya rasu, a kan kujerar roba da ke bakin tagar ɗakin duba marasa lafiya na ɗan asibitinsa, bai ko sha rabin shayinsa ba. Likitocin mutane sun ce zuciya ce, karo na biyu cikin wata uku. A ranar aka yi masa sutura, bayan la'asar. Wanda Ya ba mu shi ne Ya kira shi, kuma kiran nan kowa zai amsa.

Yaya, na makara. Shekara talatin ina aikin jarida, na sha rubuta ta'aziyyar mutanen da ban taɓa ko gaisawa da su ba cikin awa guda, kafin a rufe shafi. Taka ta ɗauke ni mako biyu. 'Yan'uwa sun ɗauka kuka ne ya hana ni. Akwai wannan, amma ba shi kaɗai ba. Ka tafi ka bar wani aiki a buɗe: ƙafar wani kare da aka yi wa tiyata, saura kwana sha huɗu a san ko ta riƙe ko ba ta riƙe ba. A kan wannan ƙafar kuma ɗakin tiyatarka ya rataya, ko a ci gaba da aiki a cikinsa ko a rufe shi. Ni an horar da ni kada in buga labarin da ban tabbatar da ƙarshensa ba. Jiya aka ga ƙarshen, shi ya sa yau na zauna.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya ba likitan shanu da tumaki ba ne. Karnuka da kyanwoyi yake yi wa aiki. A cikin aikin ma ƙashi da gaɓoɓi ya zaɓa, a nan ɗin ma ya kafe a kan abin da yawancin abokan sana'arsa ke kaucewa, wato mayar da jijiya jikin ƙashi bayan ta ɓalle. Ba jijiyar jini nake nufi ba, jijiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, irin agarar da ke bayan dunduniya. Innarmu, Allah Ya jiƙanta, har ta bar duniya ba ta gane wannan zaɓin ba. In baƙo ya tambayi aikin babban ɗanta sai ta ce likita ne, ta yi maza ta tambaye shi lafiyar iyali kafin ya ce likitan me. Takan ce masa duk wannan uban karatu, mara lafiyarsa ko sannu ba ya iya amsawa. Shi kuma ya ce ai dalilin da ya sa ya zaɓe su ke nan, babu wanda ya taɓa yi masa ƙaryar ya sha magani.

Abin da na sani na sana'arka, Yaya, a bayan gidanka na koye shi. Duk Asabar da safe kakan je wurin mahauci ka karɓo ƙafafun baya na awaki da agararsu a jiki. Mutumin ya daɗe yana zaton dafawa za a yi, har yana zaɓar maka masu maiƙo. Sai ka yanke agarar daga ƙashin dunduniya, ka mayar da ita ta hanyoyi dabam-dabam, ka rataye ƙafar a ƙarfen shanya, ka ɗaura bokiti a ƙasanta. Aikina shi ne zuba ruwa kofi-kofi, ina ƙirgawa ina rubutawa. Ka ce ka ba ni aikin ne don ka ga ko ɗan jarida zai iya faɗin lamba bai ƙara mata gishiri ba. Anti, matarka, ta rasa bokiti biyar a wannan binciken. Ranar da na biyar ya fashe ta leƙo ta tagar kicin ta ce mu biyu ɗin nan, da mai furfura da mai sanƙo, ba ta san wanda za ta kai ƙarar wani wurinsa ba.

A ranar farko na zuba wa bokiti ido, ina jiran zare ya tsinke in ji ƙara in rubuta lamba. Ka ce, “Edita, ba tsinkewa muke jira ba. Kalli nan.” Ka nuna mini mahaɗar da bakin almakashi. Tun a kofi na sha tara jijiyar ta ɗan janye daga ƙashin, tazarar da ba ta wuce kaurin tsinken ashana ba. Zare lafiya lau, ƙulli na nan, bokiti na rataye. Ka ce aiki ya riga ya lalace. Zare ba ya warkar da komai. Aikinsa kawai ya riƙe jijiya manne da ƙashi har jiki ya yi nasa haɗin, jiki kuwa ba ya haɗa abin da ya yi nisa da juna. Wanda ya jira ƙarar tsinkewa, in ji ka, ya makara da mako uku.

Hanyoyin aikin ba ɗaya ba ne, kuma kana da ra'ayi a kan kowace kamar yadda wasu ke da ra'ayi a kan 'yan ƙwallo. In jijiya ta ɓallo da guntun ƙashi a bakinta har murna kake yi, domin ƙashi da ƙashi sun fi saurin shiryawa, tsinken ƙarfe biyu da waya a naɗe kamar lamba takwas sun wadatar. Akwai wata 'yar ƙusa mai ido da ake binnewa cikin ƙashi a zura zare ta idonta. Kana yabonta a wuraren da babu sarari, amma ka ce a ƙashin da ya yi laushi tana iya fitowa kamar ƙusa daga jiƙaƙƙen bango. Sukurun da ke danne jijiya da faifai mai haƙora kuwa ba ka cika sonsa ba. Yana riƙo, sai dai in hannu ya yi nauyi yakan shaƙe jinin da ake so ya zo ya yi gyaran.

Wadda ka fi aminta da ita ita ce mafi tsufa kuma mafi gajiyarwa. A kankare bakin ƙashin har ya ɗan yi jini. A huda ramuka biyu. A saƙa zaren da jiki ba ya narkarwa a jikin jijiyar, kowane zagaye ya kama silinta a gicciye, don kada zaren ya tsefe ta kamar mataji a cikin gashi. Sannan a zura bakin zaren biyu ta ramukan, a ja har jijiya ta zauna a mazauninta, a ɗaure a ɗaya gefen. Aikin awa biyu duka a kan ƙulli ɗaya yake tsayawa, ƙullin da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Bayan haka sai doguwar ƙusa daga ƙashin dunduniya zuwa na ƙwauri, ta hana gaɓar lanƙwashewa na kwana arba'in da biyu. Ban taɓa jin ka rage kwana ɗaya daga cikinsu ba. Mutane sun yi maka magiya, sun yi fushi, wani ma ya ce ai karensa har gudu yake yi. Ka ce gudun ne ma abin tsoro, domin dabba ba ta san ƙarfe ne ke ɗauke da ita ba.

Ba ka iya lallashi ba, wannan kowa ya sani. Alherinka a aikace yake zuwa. Kafin ka sallami dabba sai ka tambayi yadda gidan yake, matakala nawa ce, daɓen yana da santsi ko babu, wa ke gida da rana. Akwai wani tsoho da hannunsa ke rawa, ba ya iya canza wa kyanwarsa bandeji. Wata ɗaya da rabi kana bi ta gidansa kafin ka buɗe asibiti, kuma daga bakinsa na ji, a wurin zaman makoki, ba daga naka ba. Ni ma haka ka yi mini. Shekarar da jaridarmu ta rufe na wuni gida ina kallon silin, ba ka zo ka ce in yi haƙuri ba. Kwali ka kawo, cike da littattafan da ka rubuta kowace tiyata a ciki, da zane-zane, da lambobin bokiti. Ka ajiye a gabana ka ce wannan shirmen yana buƙatar edita, in mayar da shi littafin da ɗalibai za su iya karantawa. Na san dabara ce. Amma tun daga washegari na sami dalilin tashi da safe.

A cikin waɗannan littattafan na fara cin karo da labarin Bahaguwa.

Ita ce likita ta biyu a asibitin. Shekara sha biyu tana tare da kai, da hagu take komai, kai ka raɗa mata sunan ya bi ta har 'ya'yanta na tsokanarta da shi. Shekara tara da suka wuce ka bar ta ta kammala tiyatar agara a karon farko, a jikin kyanwar wata malamar makaranta. A rana ta biyar ƙafar ta zauna, kyanwar ta kasa takawa. Da kuka sake buɗewa, zare bai tsinke ba, rami bai fashe ba, ƙullin ne ya silale. Jijiyar ta riga ta tsuke, ba ta sake kaiwa mazauninta ba. Dole aka haɗe gaɓar gaba ɗaya da ƙarfe, kyanwar ta rayu da ƙafa a sandare.

Ka gaya wa malamar cewa kuskurenka ne. Bahaguwa ta ɗauka rufa mata asiri ka yi, ka ce mata a'a, gaskiya ka faɗa. Ƙullin tiyata jefa biyu ne, wato zagayen zare biyu, da dole su saɓa wa juna, in na farko ya bi dama na biyu ya bi hagu. Kai da dama ka koya mata, kuna fuskantar juna a teburi. Sai hannunta ya saba yin jefa na farko irin nata na bahaguwa, na biyu kuma ta kwaikwayi naka, duka biyun suka bi gefe guda. A ido ƙullin yana kama da na kirki. A fata da ciki yakan wuce ba a sani ba. A jijiya, inda zare ke da santsi kuma nauyin jiki ke ja, sai ya zame. Shekara uku kana kallon hannunta ba ka gani ba, ka ce in akwai mai laifi to malamin ne.

Wata guda ka yi kana koyon ɗauri da hagu. Anti ta ce babu mariƙin ƙofa ko hannun kofi a gidan da bai sha zare ba, har ta fara tsoron ajiye hannunta a kan tebur. Da ka iya sai ka koma gefenta, kafaɗa da kafaɗa, kuka sake daga farko. Ta gyara. Tun daga nan ƙullinta bai sake zamewa a ko'ina ba. Amma in aka zo tiyatar jijiya, takan yi komai, ta kankare, ta huda, ta saƙa, ta zura, sai a ƙarshe ta miƙo maka bakin zaren biyu. Kai kuma ka karɓa ka ɗaure. Shekara tara ana haka, babu wanda ya tayar da maganar a cikinku. A gida ne kakan yi mini ƙorafi. Ka ce hannunta ya fi naka tun da daɗewa, zuciyarta ce ta tsaya a kan kyanwar nan ta ƙi gaba.

A watan Maris zuciyarka ta yi gargaɗi na farko. An ce ka huta wata uku. Mako uku ka yi ka koma. Ba zan ɓoye ba, Yaya, har yanzu ina jin haushin wannan. Kai da ba ka taɓa cire ƙusa daga ƙafar kare kwana ɗaya kafin lokaci ba, da ka ga kana iya tafiya sai ka ɗauka ka warke. Mu ma ba mu fita daga laifi ba. Mun ga ka daina zuwa wurin mahauci. Mun ga kana tsayawa a tsakiyar matakala kamar kana neman wani abu a aljihu. Mun ga an kai kujera kusa da wurin wanke hannu. Duk mun gani, muka ce da sauƙi tunda ba ka faɗi ba. Ni da na yi shekaru ina zuba ruwa a bokiti, ya kamata in fi kowa sanin inda ake kallo.

Cikin wannan halin Mai Ɗinki ta zo. Dattijuwa ce da ta haura sittin, zazzaɓi ya tafi da jinta tun tana matashiya, tana zaune ita kaɗai a hawa na uku na wani bene, a nan take ɗinki. Tana magana da ƙarfi, amma in za a amsa mata sai a rubuta a wani ɗan littafi da ba ya barin jakarta. Karenta ja ne, matsakaici, sunansa Ƙararrawa, domin aikinsa ke nan. In aka ƙwanƙwasa ƙofa sai ya ruga daga ƙofar zuwa keken ɗinki ya dafa gwiwarta. Ba don shi ba, masu kawo ɗinki sai su gaji su tafi. Santsi ya ɗebe shi a matakala, agarar ƙafar hagu ta ɓalle daga ƙashi. Kare a kan yatsu yake tafiya, dunduniyarsa a sama take, ita ce abin da mutane ke ɗauka gwiwar baya ce. Ƙararrawa ya shigo yana jan tasa a ƙasa.

Ka zana mata aikin a takarda kamar yadda ka saba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsa a kan zanen ta ce ita dai in yadi ya fara zarewa ba a bakinsa take kamawa ba, sai ta shiga ciki sosai inda yake da ƙwari. Ka yi dariyar da na daɗe ban ji ka yi ba. Ka juyo ka ce mini, “Rubuta, Edita. Shekara goma da bokiti biyar, ga shi ta faɗa a numfashi ɗaya.”

Washegari, Laraba sha huɗu ga Mayu, aka yi tiyatar. Ina ciki, sanye da riga da hula, ina ɗaukar bayani don babin agara. Kai ka huda ramukan. Bahaguwa ta saƙa zaren, ta zura, ta ja jijiyar ta zauna. Sai ta miƙo maka bakin zaren biyu kamar kullum. Ba ka karɓa ba. Ka haɗa hannayenka a ƙirji.

“Hannuna na rawa,” ka ce. “Ɗaure.”

“Malam, ka zauna minti biyar. Zan riƙe har ka dawo daidai.”

“Kare ba zai yi minti biyar na banza a cikin maganin barci saboda tsoronki ba. Ɗaure, Bahaguwa, ina kallo.”

Ta kalle ka, ta kalli zaren. Ta ɗaure, jefa shida, ina ƙirgawa don sabo. Ka sunkuya ka taɓa ƙullin da bakin ƙarfe, ka daɗe a kansa. Ba ka yaba ba, ba ka kushe ba. Cewa kawai ka yi a miƙo doguwar ƙusa.

Ko da gaske hannunka na rawa? Na kalla a lokacin, ba zan iya rantsuwa ba. Bahaguwa ta ce ta ga rawar. Anti ta ce a yammacin ranar ka zura mata zare a allura a karo ɗaya. Majiya biyu ke nan masu saɓani, na ajiye su haka nan.

A rana ta ashirin da takwas bayan tiyatar ka rasu.

Kwana uku bayan haka na je asibitin ɗaukar sauran littattafanka, na sami Bahaguwa zaune a ɗakin tiyata, fitila a kashe. Ba ta yi kuka ba, ta wuce nan. Ta ce ta riga ta yanke shawara. In ƙullin nan ya zame, za ta rufe ɗakin, ta tsaya a kan rigakafi da maganin tsutsa, duk mai karaya ko ɓallewar jijiya a tura shi wani wuri. Mu biyun mun san wani wurin tafiyar yini ce, yawancin masu dabbobin kuma ba za su je ba. Na ce ai kai da kanka ka duba ƙullin. Ta ce na kyanwar nan ma ka duba.

A rana ta talatin da uku Mai Ɗinki ta zo, da ta'aziyya da kuma buƙata. Fiye da wata guda tana ɗaukar karen nan a hannu, hawa uku, sau uku a rana, bayanta ya ƙage. Ta ce ga shi yana takawa, ƙusar ce ma ke damunsa, a cire masa kowa ya huta. Na ga fuskar Bahaguwa. Ita ma ta gaji, ba da ɗaukar kare ba, da jira. Tana so ta sani ko me ke nan. Ta karɓi ɗan littafin za ta rubuta amsa, na kuwa tabbata “to” za ta rubuta. Tana buɗa shafuka tana neman inda babu rubutu sai ta tsaya. Sai a lokacin muka tuna cewa duk maganar da ka taɓa yi wa matar nan tana cikin littafin, da rubutun hannunka. A shafin ranar sallama ka rubuta kwanan wata, ashirin da biyar ga Yuni, ka ja masa layi biyu. A ƙasa ka ce: “Ko ni na ce a cire kafin ranar nan, kada ki yarda.”

Bahaguwa ta juya littafin ta nuna mata. Mai Ɗinki ta karanta ta ce wannan mutum, yana kabari ma bai bar gardama ba. Aka yi shawarar karen ya zauna a kejin asibiti sauran kwana taran, ita kuma ta juya kekenta ya fuskanci ƙofa, ta bar ƙofar a buɗe.

Jiya da safe muka haɗu, mu uku da karen. Bahaguwa ta yi masa allurar barci mai sauƙi, ta ɗauki hoton ƙashi, ta warware ƙusar a hankali ta ajiye a faranti. Sannan ta yi gwajin da na ga ka yi ba adadi. Ta miƙar da gwiwar, ta tura tafin ƙafar sama, ɗaya hannun yana kan agarar. In ƙulli ya zame, ƙafar za ta lanƙwashe ba turjiya, yatsa kuma ya faɗa rami a bayan dunduniya. Ta tura. Agarar ta miƙe ta yi tauri kamar igiyar shanya. Ta bi ta da yatsa tun daga tsoka har ƙashi, ta sake bi, ta sake. Ta je ta wanke hannu, ta daɗe tana wankewa.

Bayan kusan awa guda Ƙararrawa ya farfaɗo. Aka sauke shi a kan tabarmar roba don kada santsi ya ɗebe shi. Ya yi tangaɗi, ya tsaya, ya ɗora ƙafar a ƙasa a kan yatsu. Dunduniyar ta tsaya a sama. Ya yi taku uku, ba ta sauka ba.

Na ce, “Ya warke ke nan?”

“Bai warke ba,” in ji ta. “Ya dai riƙe. Saura wata guda da karan ɗori, sannan watanni ba gudu ba tsalle.”

Ko muryarta ba ta canza ba, amma maganarka ce, har da yadda kake ɗan ɗaga kafaɗa.

Tana naɗa bandeji Mai Ɗinki ta taɓa ta, ta ce ita fa ba ta taɓa shakka ba, domin Likita ya gaya mata tun farko. Ta buɗe littafin ta koma baya, zuwa ranar sha uku ga Mayu, ranar da ka yi mata zanen, kwana ɗaya kafin tiyata. Ashe da na fita amsa waya ta tambaye ka ko kai da kanka za ka yi aikin. Ga amsarka a ƙasan zanen: “Ni zan huda. Ita za ta ɗaure. Ta fi ni.”

Bahaguwa ta karanta sau biyu. Ta zauna a kan kujerar robar nan ta bakin taga, wadda tun ranar babu wanda ya zauna a kanta.

“Ashe ƙarya Malam ya yi mini,” ta ce.

Na ce haka takarda ta nuna. Majiya ta uku ce, kuma a rubuce take.

Ta tashi ta ƙarasa bandejin. Kafin in tafi na ji tana waya da wani mai kyanwa da aka daɗe ana ɗage masa rana, tana ce masa ya kawo ta Litinin da safe, kada a ba ta abinci.

Littafinmu bai ƙare ba, Yaya. Babi tara na gyara, na goma ka rubuta kansa kawai, “Ƙulli”, ka bar shafin fari. Na sha yi maka mita a kai kana cewa ba ka shirya ba. Yanzu na gane ba kai za ka rubuta shi ba. Jiya na bar wa Bahaguwa kwalin. Ni na gaji, Anti ta gaji, dukkanmu mun gaji, irin gajiyar da barci ba ya saukewa. Ƙarfen shanya na nan a bayan gida da guntayen zarenka a jiki, Anti ta hana a kwance su.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo. Ya yi rayuwarsa yana tausaya wa halittunKa da ba su da bakin godiya, Ka tausaya masa fiye da yadda ya tausaya musu. Ka yafe masa taurin kansa, da saurin fushinsa, da hutun da ya ƙi yi, da ƙaryar nan guda ɗaya da na shaida da idona. Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya shi, Ka haɗa shi da Innarmu da Babanmu a gidan da babu ciwo babu gajiya. Ilimin da ya bari a hannun wasu, Ka sa ladansa ya riƙa isa gare shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti, wadda ta yi shekara talatin da shida tana haƙuri da shi da bokitansa, da 'ya'yansa uku da jikokinsa, da ƙannenmu mata, da Bahaguwa da sauran ma'aikatan asibitin, da duk wanda dabbarsa ke takawa yau saboda hannunsa. Allah Ya ba mu juriyar rashinsa, Ya sa mu cika da imani in namu lokacin ya yi. Amin.